Mayar da gangar da aka yi rikodin zuwa MIDI don canza sautinta: yadda abin ke aiki da inda yake kwaɓewa

Duk wanda ya taɓa zama zai haɗa waƙar da aka buga da saitin ganguna na gaske ya san irin wannan ciwon kan. Makaɗi ya yi aikinsa, kiɗa ya zauna daram, hannu da ƙafa duk sun tafi daidai, amma da ka ware siniyar, wato gangar nan mai wayoyi a ƙarƙashinta, ka saurare ta ita kaɗai sai ka ji sam ba ta yi ba, ko dai fatar ta saki, ko ɗakin da aka yi rikodin ɗin yana amsawa, ko kuma maik ɗin ne aka kafa shi a karkace ya fi kwasar hayihat, faifan ƙarfen nan biyu da ake buɗewa da rufewa da ƙafa, a kan siniyar da aka sa shi dominta, ga shi kuma an riga an ɗora bes da jita da murya a kai, makaɗi ya kwashe kayansa ya yi gaba. Sake ɗauka ba magana ba ce. To a nan ne ake cewa bari a riƙe bugun makaɗin yadda ya yi shi, a canza sautin gangar kawai. Hanyar da aka fi bi ita ce a sa kwamfuta ta saurari tirak ɗin, wato layin sautin da aka ɗauki gangar a kai, ta gano duk inda sanda ta sauka, ta rubuta shi a matsayin not na MIDI, wato alamar bugu ɗaya, sai a aika not ɗin zuwa wani samfur, wato ajiyayyen sautin bugu, na siniya ko kik (babbar gangar da ake bugawa da ƙafa) da aka ɗauka a situdiyo mai kyau.

A baki abin da sauƙi. Manhajoji da yawa ma maɓalli ɗaya ne ka danna shi ke nan. Amma abin da ke fitowa daga dannawar nan ɗanye ne, kuma in ba ka san me kwamfutar ta ji ba da me ta rasa, za ka ƙare da gangar da ta fi ta farko muni.

Mu fara da shi kansa MIDI ɗin, don mutane da yawa suna ɗauka wani nau'in fayil ɗin sauti ne. Babu sauti ko ɗigo a cikinsa. Umarni ne zalla. An fito da shi a 1983, Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan su ne kan gaba a aikin, kuma manufar ita ce kayan kiɗa na kamfanoni daban-daban su iya magana da juna ta waya ɗaya. In muna maganar ganga, abu uku kacal not ɗin MIDI ke ɗauke da su: wace ganga aka buga, yaushe aka buga ta, da kuma ƙarfin bugun, wanda ake kira belositi, daga 1 zuwa 127. Shi ke nan. Ko tsakiyar fata aka daka ko gefe, ko sandar ta kama baki, ko makaɗin ya danne fatar bayan ya buga, duk wannan ba ya ciki sai dai in kai ka sa shi da hannunka ta hanyar zaɓar wani not daban. Saboda haka duk aikin nan ya tsaya ne a kan kare abubuwa ukun nan, kuma cikinsu lokaci ne ya fi ba da wahala, za mu zo kansa.

Dabarar ma ta girmi MIDI da kaɗan. A ƙarshen shekarun 1970 wani injiniyan sauti, Roger Nichols, ya haɗa wata kwamfuta da ya sa wa suna Wendel, wadda ke buga sautin ganga da aka adana, aka yi amfani da ita a kundin waƙoƙin ƙungiyar Steely Dan da ya fito a 1980. Daga baya a zamanin tef injiniyoyi sukan ɗauki tirak ɗin siniya su tura shi cikin wata na'ura ta harba samfur, irin su Alesis D4 ta farkon shekarun 1990 mai ƙofofin tiriga 12, wato inda siginar da ke sa ta harba samfur ke shiga. Kuma tun a lokacin matsalar jinkiri ce ke damunsu, har sukan ɗauko siginar daga kan tef ɗin da ke gaba, wanda ke jin sautin kafin kan da ake saurara da shi, don samfur ɗin ya samu ya iso a kan lokaci. Sai filogin suka zo, wato ƙananan manhajojin da ake ɗorawa a cikin manhajar haɗa waƙa, irin su SoundReplacer na Pro Tools, Drumagog, Trigger na Steven Slate, Addictive Trigger na XLN Audio, da Tracker da ke cikin Superior Drummer 3 na Toontrack wanda ya fito a 2017. Manyan manhajojin haɗa waƙa ma kowacce da nata: Ableton Live tun daga na 9 a 2013 yana da umarnin mayar da ganga zuwa sabon tirak na MIDI, Logic Pro yana da na maye ko ninka tirak ɗin ganga, Cubase yana fitar da not daga alamomin bugu da yake sakawa a kan sauti, Reaper kuma yana da ƙaramin filogin na tiriga da ke zuwa tare da shi. Sunaye dai daban, amma abin da suke yi a ƙasa kusan ɗaya ne.

Me kwamfutar ke nema? Goshin bugu. In ka buɗe hoton igiyar sautin siniya ka zuƙo shi sosai za ka ga shiru, sai kwatsam igiyar ta yi tsalle sama cikin 'yan milisakan, sannan ta riƙa sauka a hankali. Wannan tsallen na farko shi ne goshin, sauran kuma jela ce. Manhajar tana da wani layi da kake ja mata, tirashol, duk goshin da ya haura layin ta ce bugu ne ta rubuta not, wanda bai kai ba ta yi kamar ba ta gani ba. Tsayin goshin kuma shi take juyawa ya zama belositi. Sababbin manhajoji sun ƙara wayo, suna duba launin sautin ma, wato su koyi yadda siniyar ke ƙara su bambanta ta da kik, amma har yau layin nan shi ne ginshiƙi.

Yanzu ga inda rigimar take. Maik ɗin siniya ba siniya kaɗai yake ji ba. Hayihat na nan dab da shi, kik na ƙasansa, gangunan tom na gefe, faifan ƙarfe na simbal na sama, duk suna yoyo a cikinsa. Sannan makaɗin kirki ba ya buga siniya da ƙarfi ɗaya, akwai manyan bugu na 2 da 4 in ana ƙirga kiɗa huɗu-huɗu, akwai kuma ƙananan nan na ɓoye da yake sakawa a tsakani, waɗanda da ƙyar kake jin su amma in aka cire su kiɗan ya mutu. Abin haushin shi ne sau da yawa yoyon kik a cikin maik ɗin siniya ya fi waɗannan ƙananan bugun ƙarfi. Ka ɗaga layi don ka kauce wa kik, ƙananan bugu sun tafi. Ka sauke shi don ka kama su, sai ka ji samfur ɗin siniya na harbawa a kan kowane kik da kowane hayihat mai ƙarfi. Babu wani wuri ɗaya da za ka ajiye layin ya yi maka duka, wanda duk ya ce maka akwai bai gamu da makaɗi mai hannu ba tukuna.

Maganin da ya fi aiki shi ne ka kwafi tirak ɗin, kwafin nan ba don kunne ba ne, na kwamfuta ne kawai, don haka kana iya yi masa kaca-kaca da ikwalaiza, abin da ake rage ko ƙara ƙasa da saman sauti da shi, ba tare da tausayi ba. Jikin kik yawanci yana tsakanin 50 zuwa 100 Hz, wato yawan kaɗawar igiya a sakan ɗaya, jikin siniya wajen 150 zuwa 250 Hz, hayihat da simbal kuma can sama suke. To a kwafin siniya ka yanke ƙasa inda kik yake, ka yanke sama inda hayihat yake, ka bar tsakiyar da siniya ta fi kowa ƙarfi, nan take za ka ga goshinta ya fito fili sauran sun durƙusa. A kwafin kik kuma ka yanke sama. Sai dai a kula, in ka matse kik ya zama ƙasa zalla, igiyar ƙasa a hankali take tashi kuma filta kanta tana jawo ɗan jinkiri, sai not ɗin ya riƙa zuwa a makare, shi ya sa wani lokacin gara ka nemi ƙarar da sandar feda ke yi in ta daki fata, wajen 2 zuwa 5 kHz, in dai siniya ba ta cika wurin ba. Wasu filogin, kamar Trigger 2, suna ba ka damar tura musu tirak ɗin gangar da ke yoyon, su san cewa duk lokacin da kik ya buga kada su ruɗu. In an sa maik a ƙarƙashin siniya shi ma gwada shi, ƙananan bugu sukan fi fitowa a can saboda wayoyin, illarsa kawai wayoyin nan suna karkarwa in tom ko kik ya buga. Kuma ba dole ba ne a yi komai a zagaye ɗaya. Yi zagaye na farko da layi a sama ka kwashi manyan bugu tsaf, yi na biyu da layi a ƙasa ka tsinci ƙananan ka goge shara da hannu, sai ka haɗe su. Baiti mai sanyi da amshi mai zafi ma bai kamata su yi amfani da layi ɗaya ba.

Akwai wani saiti kuma da mutane ke tsallakewa, lokacin jira kafin a sake harbawa. Ganga in an buge ta fatar tana ci gaba da kaɗawa, igiyar ta hau ta sauka ta sake hawa, kuma hawa na biyun zai iya haura layin, kwamfuta ta rubuta not biyu a bugu ɗaya. Don haka ake ce mata bayan kin kama bugu ki rufe kunne na milisakan kaza. Lissafin ba wuya: a gudun 120 BPM, wato ana ƙirga bit 120 a minti, bit ɗaya milisakan 500 ne, in aka raba shi kashi huɗu 125, kashi takwas 62.5. In makaɗin yana da gudun hannu da ya kai kashi takwas ɗin nan kai kuma ka sa jira na 80, rabin bugun ya ɓace. Mai feda biyu da ke bugu huɗu a kowane bit a 200 BPM tazarar bugunsa milisakan 75 ce. Sannan ga filam, inda sanduna biyu ke sauka kusan tare ɗaya na bin ɗaya da 'yan milisakan, wannan kusan kullum sai ka gyara shi da hannu, don ko dai kwamfutar ta haɗe su ta mai da su ɗaya ko ta ba na farkon ƙarfin da ba nasa ba.

Duk wannan bayanin yana ɗauka cewa kana da kowace ganga a tirak ɗinta. In abin da ke hannunka fayil ɗaya ne na sitiriyo da aka riga aka cakuɗa gangunan, aikin ya ninka. Umarnin Ableton yana ƙoƙari a nan, yana raba kik da siniya da hayihat, kuma a kan kiɗa mai sauƙi mara cunkoso yakan yi abin kirki, amma da tom da simbal sun shigo sai ya fara jefa su inda ya ga dama. In kuma waƙar ce gaba ɗaya da murya da komai, sai an fara raba ta da irin manhajojin nan masu koyon na'ura, Spleeter da Deezer ta saki a 2019 ko Demucs na masu binciken Meta, su cire maka ganguna gefe, sannan ka bi da filta ka ware kowacce. Yana yiwuwa, amma rabawar takan ɗan goge kaifin goshin bugu, wanda shi ne ainihin abin da kake nema, don haka kada ka sa ran daidaito irin na tirak da aka ɗauka daban. Ni a ganina a irin wannan halin gara ka ɗauki MIDI ɗin a matsayin zanen farko da za ka gyara, kada ka ɗauke shi kamar an gama.

Wani ɗan abu da ke ruɗa sababbi: ka gama komai ka kunna sai ka ji shiru, ko ka ji tafi maimakon siniya. Lambar not ce. A tsarin General MIDI na 1991 an ware tasha ta 10 don ganguna, kik na kan lamba 36, siniya 38, bugun gefe 37, tafi 39, hayihat a rufe 42, na feda 44, a buɗe 46, simbal na kirash 49, na rayid 51. Yawancin filogin na ganga suna bin wannan a kan kik da siniya, amma a sauran kowa da taswirarsa. Ƙari a kan haka manhajoji ba su yarda da juna a kan sunan not ba, lamba 36 ɗin nan C1 ce a Ableton da Logic da Cubase, wasu na kiranta C2, a FL Studio kuma C3 ce. Ka riƙe lambar, ka manta da harafin.

Sai belositi. Kwamfuta tsayin igiya ta auna, kuma tsayin igiya ba kullum yake nufin ƙarfin hannu ba. In an riga an matse tirak ɗin da kwamfuresa, abin da ke rage tazara tsakanin bugu mai ƙarfi da mai laushi, lokacin ɗauka, ko siginar ta yi yawa ta daki rufi, duk bugun za su fito kusan tsayi ɗaya, sai ka ga belositi 120, 124, 127, 127 a jere. In kuma an ɗauka a ƙasa sosai sai ka ga komai na yawo a 40 da 50, samfur ɗin kuma ya riƙa buga maka sautin taɓawa a hankali a wurin da makaɗin ya zage ya daka. Wannan na faruwa ne saboda samfur mai kyau ba fayil ɗaya ba ne, an ɗauki gangar a matakai da yawa daga laushi zuwa ƙarfi, kuma belositi ne ke zaɓar matakin, ba ƙara kaɗai yake canzawa ba har da launin sautin. Don haka bayan juyawa sai ka zaɓi not ɗin duka ka miƙe su ko ka matse su har manyan bugu su faɗa inda samfur ɗin ke buɗe murya, ƙananan kuma su zauna can ƙasa wajen 20 zuwa 40, gwargwadon yadda samfur ɗin yake. Kunne ne alƙali a nan, lambobin jagora ne kawai. A kiɗan rok mai nauyi da metal da gangan ake matse belositin kik ya kusa zama ɗaya, salon ne ke son haka, amma ka yi wa kiɗa mai laushi irin wannan ka ga yadda zai bushe.

Haka kuma ka tabbata samfur ɗin yana da karɓa-karɓa, wato a kowane mataki akwai bugu uku ko biyar ko fiye da ake juyawa a tsakaninsu. In fayil ɗaya tak ake maimaitawa, da an zo wurin da hannu ke gudu a kan siniya za ka ji tatatata iri ɗaya sak, abin da masu aikin ke kira sautin mashin-gan, kuma ko wanda bai san komai a kan haɗa waƙa ba zai ji cewa wani abu ba daidai ba.

To yanzu babbar magana, lokaci. Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne tsohuwar siniyar ba ta tafi ko'ina ba. Ka kashe tirak ɗinta, eh, amma tana nan a maik biyu na sama, tana cikin maik na ɗaki, tana cikin na hayihat da na tom. Ba za ka iya kashe na sama ba don su ne ke ɗauke da simbal. Ke nan sabon samfur ɗinka dole ya zauna tare da tsohuwar gangar a kowane bugu, kuma sauti biyu masu kama da juna in suka haɗu ba a kan lokaci ɗaya ba cin juna suke yi.

Ga lissafin. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, wato wajen santimita 34 a kowane milisakan. Maik na sama da ke nesa da siniya da mita ɗaya yana jin bugun bayan kusan milisakan 3 da maik na kusa ya ji shi. Wannan tazarar tana nan tun asali kuma kunne ya saba da ita, ita ce ma ke ba da jin fili. Abin da ake so shi ne samfur ya sauka daidai inda goshin maik na kusa yake, don dangantakar ta zauna yadda take. Yanzu ɗauki jikin siniya a 200 Hz, zagaye ɗaya na igiyar milisakan 5 ne, rabinsa 2.5. In samfur ya goce da 2.5 kacal, lokacin da igiya ɗaya ke hawa ɗayar na sauka, sai su soke juna a daidai wurin da nauyin siniyar yake, ka ƙara samfur don ta yi kauri sai ga shi ta ƙara sirancewa. Milisakan biyu da rabi fa, abin da kunne ba zai taɓa ji a matsayin latti ba, amma yana jin sa a matsayin rama.

Kuma gocewar da ta fi muni ita ce wadda ba ta tsaya wuri ɗaya ba. In duk not ɗin sun makara da milisakan 2, ai da sauƙi, ka ja tirak ɗin baya gaba ɗaya ka huta. Amma kwamfuta takan kama babban bugu da wuri saboda ya haura layi nan take, ƙaramin bugu kuma sai ya ɗan hau kafin ya haura, to ka ga kowane not da irin tasa gocewar, sakamakon shi ne siniya ɗaya ta fito da kauri ta gaba ta fito siririya ta gaba kuma wani iri, alhali makaɗin bai buga haka ba. Shi kansa MIDI yana da nasa ƙarin. Manhajoji da yawa suna ajiye not ne a kan ƙananan gabobi da ake ƙirgawa a kowane bit, PPQ. In 960 ne, a 120 BPM kowace gaɓa wajen rabin milisakan ce, ba laifi. Amma FL Studio yana farawa ne a 96 in ba ka canza ba, a nan gaɓa ɗaya ta haura milisakan 5, ke nan not na iya gocewa da har 2.6 gaba ko baya don kawai ya samu gaɓar da zai zauna a kai. Ka duba wannan lambar ka duba ta sama da muka lissafa. Don haka kafin ka fara irin wannan aikin a can, ɗaga PPQ a saitin aikin. In kuma wata na'ura ta waje kake aika wa not ta wayar MIDI ta asali, ita gudunta bit 31,250 ne a sakan (bit na bayanan kwamfuta, ba na kiɗa ba), not ɗaya na cin kusan milisakan 1 kafin ya isa, ban da lokacin da na'urar za ta ɗauka ta amsa.

Sannan samfur ɗin ma a duba shi. Wasu suna da ɗan shiru a farko kafin goshin, wasu kuma igiyarsu ƙasa take fara yi alhali ta maik ɗinka sama take farawa. Na biyun maganinsa maɓallin nan mai alamar Ø da ke juya igiya, danna ka saurara, ɓangaren da ya fi kauri a ƙasa shi ne daidai. Yi wannan gwajin tare da maik na sama a kunne, ba samfur da maik na kusa kaɗai ba.

Abin da ya fi tabbas, kuma na san yana da gajiya, shi ne bayan ka gamsu da not da belositi ka mayar da samfur ɗin ya zama sauti a sabon tirak, ka jera shi a ƙarƙashin na asali, ka zuƙo, ka bi bugu bayan bugu kana duba ko goshi ya hau kan goshi. Wanda ya goce ka matsa shi. Waƙar minti huɗu a 120 BPM mai siniya a 2 da 4 tana da manyan bugu wajen 240, ba abin da zai gagara ba ne, kuma yawanci kaɗan ne za ka taɓa. Amfanin mayarwa sauti kuma shi ne karɓa-karɓar ta tsaya cak, abin da ka ji yau shi za ka ji gobe, ba wai duk kunnawa filogin ya zaɓo wani bugu daban ba.

Kwantayiz kuwa, wato jan not su hau layukan lokaci da manhaja ta shata, kada ka kuskura ka yi wa MIDI ɗin shi kaɗai. Hannu na ƙaiƙayi in mutum ya ga not ba su hau layin girid ba, amma da ka ja su sun rabu da tsohuwar gangar da ke maik na sama, kowane bugu ya zama biyu. In lallai kiɗan na buƙatar gyaran lokaci, a fara gyara tirak ɗin gangunan duka tare a matsayin rukuni ɗaya, a yanka su wuri ɗaya a matsa su tare, bayan nan a fitar da MIDI daga wanda aka gyara.

Tiyunin, wato daidaita muryar ganga, ma haka. Siniyar asali tana da muryarta, in samfur ya fi ta tsayi ko zurfi da kaɗan za ka ji ganguna biyu suna gardama, musamman a jela. Nemo inda jikin ta asalin yake a na'urar nuna firikwensi, ka matsa samfur ɗin sama ko ƙasa har su haɗu. A tom wannan ya fi fitowa fili don su muryarsu a bayyane take. Amma ta wani ɓangaren tom ne mafi sauƙin aiki, sau nawa ma ake buga su a waƙa, ka yanke duk wuraren da ba a buga su ba ka share, abin da ya rage kwamfuta ba za ta ruɗe ba, in ma ta ruɗe not goma ne ka sa da hannu.

Wani zai ce to me ya sa sai an bi ta MIDI, tunda filogin irin Drumagog da Trigger suna iya jin sauti su harba samfur kai tsaye? Gaskiya ne, kuma a kan daidaiton lokaci sau da yawa hanyar kai tsayen ta fi, don ba ta bi ta gabobin PPQ. Abin da MIDI ke ba ka shi ne iko. Kana ganin kowane not da idonka, ka goge na ƙarya, ka ƙara wanda aka tsallake, ka mai da wannan bugun na baki wancan na tsakiya, ka canza samfur sau goma ba tare da ka sake saita layi ba, har ka yi amfani da not ɗin wajen buɗe get, ƙofar da ke barin sauti ya wuce lokacin bugu kawai, a kan tirak na asali don rage yoyo, ko ka tura shi ya harba rivab, wato amsawar ɗaki, kaɗai. Shi ya sa da yawa suke haɗawa, su kama da filogin su fitar da MIDI daga cikinsa su gyara. Wanda kuma ya san tun kafin ɗauka cewa za a yi wannan aikin, ya manna ƙananan tiriga a jikin kik da siniya da tom ya ɗauki siginarsu a tirak daban, su girgizar fata suke ji ba iska ba, yoyonsu kaɗan ne ƙwarai.

Maye gaba ɗaya ko haɗawa? Ni dai ina ganin a siniya haɗawa ta fi a mafi yawan lokuta, a bar ta asali ta riƙe ƙananan bugu da duk wani motsin hannu, samfur ya shigo a kan manyan bugu kawai ya ba da nauyi da kaifi, ka ga ma an huta da wahalar farautar na ɓoye. Kik ya fi jure a maye shi ɗungurungum saboda kaɗan ne daga jikinsa ke hawa maik na sama, da yawa ma suna yanke ƙasan na saman.

Hayihat da simbal kuwa a bar su kawai. Hayihat ba buɗe da rufe kaɗai gare shi ba, ƙafar makaɗi tana wasa da shi a tsakani koyaushe, a gangunan lantarki ma sai da aka ware masa saƙo na musamman, CC4, mai bin matsayin feda, kuma babu yadda za a yi layin tirashol ya ciro maka wannan daga sauti. Simbal kuma jelarsa doguwa ce, bugu na biyu yana shigowa na farko bai mutu ba, goshin ya nutse a ciki. Haka abin yake ga mai kiɗan jaz da ke shafa fata da burushi, babu goshin da za a kama balle a juya. In har maik na sama sun lalace ta yadda dole sai an canza simbal, to sai dai a kashe gangunan asali duka, a ɗauki kik da siniya da tom daga juyawar, a zauna a rubuta hayihat da simbal da hannu ana sauraron na asali ana kwaikwayo, not bayan not, kuma gara a gaya wa makaɗin kafin ya ji waƙar a waje.